Ku bar wa gwauruwa mayafinta

Tun daren jiya bidiyon nan yake ci mini rai. Kun dai gan shi, ni ba zan sake ɗora shi ba. Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya, wani matashi sanye da rigar ƙungiya ya sa hannu ya janye, yana cewa, "Mama, kalli nan, ki yi mana godiya." Kwanon shinkafa ɗaya ne fa, da taliya biyu, da 'yar gorar man gyaɗa. A kan wannan aka tozarta matar da ta haifi kamarsa. Kuma a saman bidiyon aka rubuta wai aikin ƙaunar Almasihu ne.

'Yan'uwana cikin Ubangiji, a wane Littafin kuka karanta haka?

Ku buɗe Matiyu sura 6. Yesu da bakinsa ya ce in za ka ba da sadaka kada ka busa ƙaho a gabanka, yadda munafukai suke yi a majami'u da kan tituna don a yabe su. Ya ce irin waɗannan sun riga sun karɓi ladansu. Ya ce ko hannunka na hagu kada ya san abin da na dama yake yi. To ƙahon zamaninmu ita ce wayar da aka ɗora wa Mama a fuska. Hagu bai kamata ya sani ba, ku kuwa kun sanar da Sabon Gari, kun sanar da Brigade, har Legas an gani.

Na san amsar da za a ba ni, don tun safe nake karanta ta. Wai masu ba da kuɗi suna son shaida. Ku ɗauki hoton buhunan, ku kai musu rasit, shaida ta ƙare. Wai don a zaburar da wasu su ma su bayar. Wanda sai ya ga hawayen gwauruwa hannunsa zai shiga aljihu, matsalarsa ta wuce ta bidiyo. Wai ai ta ci abincin. Ta ci, amma gobe da wace fuska za ta shiga zumuntar mata? Jikokinta fa, da za a nuna musu kakarsu a makaranta? Shinkafar kwana uku za ta yi ta ƙare, bidiyon kuwa yana nan.

Mutuncinta kuka karɓa, kuka ba ta kwano. Wannan ciniki ne, kuma kun cuce ta a cinikin.

Basamariyen da ke Luka sura 10 ya tarar da mutum kwance jina-jina a hanyar Yariko, bayan firist da Balawi sun ratse sun wuce. Bai tambayi ƙabilarsa ba. Ya zuba masa mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya bar dinari biyu wa mai masauki, ya kama gabansa. Har yau ba mu san sunansa ba. A Markus sura 12 kuma, da masu kuɗi suke zuba baiko mai yawa, wadda Yesu ya yaba gwauruwa ce mai anini biyu. Irin Maman nan ce. Ita Ubangiji ya ɗaga, mu muka durƙusar da ita.

Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, bayan magariba take aikena da langar tuwo gidan wata maƙwabciyarmu Musulma da mijinta ya rasu. Takan ce, "Ka bi ta lungu, ka miƙa wa yara, kada ka tsaya a yi maka godiya." Shekara da shekaru ko babanmu ban ji ta yi masa zancen ba. A wurinta na fara fahimtar abin da Bulus yake nufi a 1 Korintiyawa 13, cewa ko mutum ya rabar da duk abin da ya mallaka, in babu ƙauna bai amfana da komai ba.

A garin nan namu na Kano ma muna da abin koyi. Tun 1943 asibitin ido na mishan, wanda cocin ECWA ke riƙe da shi yanzu, yake duba Musulmi da Kirista a layi ɗaya. Af, tunda na ambace shi, na lura idon Maman nan na dama ya yi fari, kamar yana ce. Masu tsofaffi a gida, yanar ido ana yin aikinta mutum ya koma gani, ku daina cewa tsufa ne kawai. Wanda ya san gidan matar nan ya same ni ta saƙon sirri, ban da nan ƙasa.