Faifan CD Dubu Uku Da Na Tanadar Wa Gaba

A 2008 ina da shagon kwamfuta a Kano, sana'ata tura waƙoƙi da finafinai a faifan CD. A majalisarmu kuwa ni ne shehin fasaha. Kullum sai na kawo musu zancen Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, wanda ya lura tun 1965 cewa yawan taransista, wato 'yan mitsi-mitsin makunnan lantarkin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana ninkuwa duk shekara, a 1975 ya gyara ya ce duk shekara biyu. Har da haddar lamba: ƙwaƙwalwar Intel 4004 ta 1971, taransista 2,300.

Da wannan ilimin na lallaɓi uwargida ta ba ni kuɗin adashinta, na lodo faifan CD dubu uku sababbi fil. Filas a lokacin tsada gare shi, CD kuwa araha kamar gyaɗa. Na bugi ƙirji a majalisa na ce shekara goma ba abin da zai ture shi.

Ashe filas da memorin waya taransista ne zalla a cikinsu, wato dokar ninkuwar nan ta Moore da nake wa'azinta a kansu take aiki. Shi CD roba ce da ɗan fenti, an yanke masa megabayit 700, minti 80 na sauti, ko zai shekara ɗari ba ya ƙara ɗigo. Yana tsaye, su suna ninkuwa, farashinsu na zubewa. Yau memori mai giga 32, da bai fi farce ba, yana haɗiye CD 45 ko gyatsa babu. Kafin in sayar da ɗari biyar, kowa ya shigo sai ya miƙo waya: "Oga, a memori za ka sa min."

Sauran na jibge su a sito mai rufin kwano. Fentin nan shi hasken leza ke ƙonawa ya yi rubutu, kuma ba ya shiri da zafi. Bayan bazara huɗu na gwada rubutu a kan ɗaya a gudu mai sauri, 52x, kwamfuta ta tofo shi. Na sauko 16x, na sauko 8x, ta sake tofowa. Azurfar gefensa ma ta fara ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Kawu ne ya zo daga Kura ya kwashe su don korar jan-baki a gonar shinkafa. Biyu-biyu yake haɗawa, ƙyallin a waje, ya rataya a igiya duk taku biyar. Ya ce, "Ɗana, wannan kwamfutar taka akwai aiki!"

Bayan mako biyu ya bugo waya. Tsuntsayen sun saba, har a kan igiyar suke hutawa. Wai ko sabon samfuri ya fito?