Ga Mai Zuwa Taro a Jidda: Gyara Niyya Tun Daga Gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Madina da Riyad da sauran garuruwan Saudiyya.

Da wuya wata ya wuce ba ka ji an ce wane ya tafi Jidda taro ba. Hedikwatar ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC tana can, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana can, garin kuma yana karɓar baƙi tun da Sayyidina Usman ya mayar da shi tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan hijira. Zuwa taro alheri ne. Abin da muke yi in mun isa shi ne abin dubawa.

Makaranta ko ma'aikata ko ƙungiya ta zaɓe ka, ta biya tikiti da otal, ta ba ka guzuri. Ranar farko ka karɓi jaka da katin ratayawa a wuya, ka ɗauki hoto ka sa a Facebook, daga nan a neme ka a rasa. Kana Balad, tsohon garin Jidda, kana cinikin turare da abaya, ko kana bakin teku kana kallon ruwan Sarki Fahad yana tashi sama. Kallon teku ba laifi ba ne, Allah da kansa ya ambaci hore mana shi cikin ni'imominsa a Suratun Nahli, aya ta 14. Amma a bari sai an tashi daga zama. Kuɗin nan amana ne, kujerar nan ma akwai wanda ya so ta bai samu ba. Aya ta 27 a Suratul Anfali ta haɗa ha'intar amana da ha'intar Allah da Manzonsa a wuri guda.

Wanda ya fi wuyar yi wa magana shi ne mai cewa, "Ai Malam, Umara na tafi." Ɗan'uwa, Umarar da ka sha yi ba za ta sauke maka haƙƙin waɗanda suka turo ka ba. Kuma sau da yawa ita kanta Umarar da gyara a cikinta.

Jidda tana cikin da'irar miƙatai, wato wuraren da aka iyakance don ɗaura harami. Mai tasowa daga Madina miƙatinsa Zul Hulaifa, wato Abyar Ali. Mai tasowa daga Riyad nasa Ƙarnul Manazil, wanda ake kira Sailul Kabir, shi ya sa ake sanarwa a jirgin sama in an zo daidai da shi. Idan tun daga gida ka ƙudurta cewa za ka yi taro kuma ka yi Umara, to daga miƙati haraminka yake. Ka wuce shi da kwat da takalmi sau-ciki, ka gama taro, ka ɗaura harami a ɗakin otal? A wurin mafi yawan malamai, ko dai ka koma miƙati kafin ka ɗaura, ko yanka ya hau kanka. Wanda kuwa taro kaɗai ya kawo shi, sai da ya zo Allah ya jefa masa son Umara a zuciya, wannan daga inda yake zai ɗaura, kamar yadda hadisin Ibnu Abbas ya nuna a Buhari da Muslim. Bambancin yana cikin ƙirji, babu jami'in da zai tambaye ka, kuma Allah ba a yi masa wayo.

Mafita ba ta da wuya. Ka taso da kwana guda kafin a buɗe taro, da haraminka, ka sauke Umararka, ka yi aski, ka dawo ka zauna a koya maka abin da aka turo ka koyo. Jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018 yana tsayawa Jidda tsakanin Madina da Makka, uzurin nisa ya ƙare.

Sallah kuma, matafiyi yana ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, a mazhabarmu ta Malikiyya. In ka bi limami mazauni, ka cika. Sauƙi aka yi maka wajen adadin raka'o'i, ba a ce La'asar ta jira mai jawabi ya gama har rana ta faɗi ba.

In ka koma, ka tara waɗanda suka aike ka ka juye musu abin da ka jiyo, ko a takarda biyu ne. Kuma tunda addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce, ka sa 'yan'uwanmu na tsallaken tekun nan a ciki, mutanen Sudan da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba da gidajensu. Allah ya mayar da su lafiya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.