Wuyan bes ɗina da "uhm" ɗin Kawu

Masu tambayata ina jitar bes ɗin (jita mai kaurin murya) da na ce zan ƙera, ku huta da turo saƙo, ga bayani. Gangar jikin tana nan lafiya lau. Wuya ne ya sami matsala, kuma duk wanda ya ce muku hannuna ne, to a bakin Kawu ya ji.

Lissafina ko injiniya ba zai kushe shi ba. Tsawon tsirkiya inci 34, wato milimita 864, yadda kamfanin Fender ya fito da jitarsa Precision Bass a 1951. Ka raba da 17.817, firet na farko (firet su ne 'yan ƙarafan da ke gicciye a wuya inda ake danna tsirkiya) ya zauna a milimita 48 da rabi, ka cire, ka sake raba abin da ya rage, a haka har na 12 ya faɗo daidai tsakiya, 432. Ya kuwa faɗo. Na sami busasshen maɗaci, na haƙa masa rami a tsakiya, na kwantar da sandar ƙarfen nan mai hana wuya lanƙwashewa, tunda tsirkiya huɗu in an ɗaure su jan da suke yi ya haura kilo 70. Na manna allon yatsu, wanda firet ke zama a kansa, a sama. Saura sassaƙar baya kawai.

Sai ga Kawu ya jawo kujera.

Kun san shi. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga ƙofa da taga, bai taɓa riƙe jita ba, amma in dai katako ne to gadon gidansu ne. Sandar ƙarfen ma rodi yake ce mata, sai ka ce dakali nake zubawa. Kuma ba ya gyara maka aiki, sam. Zama zai yi ya harɗe ƙafa ya ce "uhm". Akwai gajeren uhm, wannan na nufin ya gani. Akwai dogo mai fita ta hanci, wannan ka riga ka ɓata. Akwai wanda yake haɗawa da gyara hula, shi ne mafi muni. Ga kuma abin da ba ya faɗa wa mutane: magagarina mai laushin haƙori, sabo fil, shi ya ara tun kafin in fara aikin, wai zai ɗan shafi ƙafar tebur. Ya bar ni da tsoho mai manyan haƙora, wanda in ya ciji katako ba ya tambayar nawa kake so a cire.

Ni kuma siririn wuya nake so, don yatsuna gajeru ne. Ina goga ina shafawa, ina goga ina shafawa, abu yana ta kyau. Can wajen bayan firet na farko sai sauti ya canza. Daga shaa-shaa na ji ƙirrr. Na hure ƙura. Wani ɗan abu yana ƙyalli yana kallona.

Na ɗora babban yatsa a kai na ci gaba da fito.

"Kai yaro," in ji Kawu, "wannan itacen naka da ƙarfe ya tsiro ne?"

Na ce, "Hasken rana ne, Kawu."

Ya gyara hula.

Da daddare na kwaɓa garin katako da gam na liƙe wurin, na bi shi da samfefa, na shafa mai ya yi duhu. Wallahi in ba an nuna maka ba ba za ka gane ba. Ni kaina sai da na laluba.

Ranar gwaji wani mutuminmu mai kaɗa bes ya zo, ƙanena ya kunna kyamarar waya ba tare da kowa ya sa shi ba, Kawu kuwa ba a gayyace shi ba amma kujerarsa ta riga kowa zuwa. Muka ɗaura tsirkiya. Wuya ya ɗan rusuna gaba, wanda ba komai ba ne, aikin sandar ke nan. Mutumin ya ce in murɗa notin sandar kwata guda, in dakata katako ya saba, haka ake yi. Na murɗa kwata. Na dakata. Ban ga komai ba.

Kawu ya ce uhm. Dogon.

To ku gaya min, wane ɗan halak ne zai ji wannan a gaban baƙo ya tsaya a kwata? Na ƙara. Na sake ƙarawa. Ita irin wannan sandar, in ka matse ta, tsakiyarta na tura allon yatsu sama, bakunanta biyu kuma suna danna baya, ɗaya daidai ƙarƙashin firet na farko. Shi ya sa maƙera jita ke barin aƙalla milimita 3 na katako a wurin. Ni gam ne a wurin.

Ƙas!

Facin ya tashi kamar an harbo shi da gwafa, ya daki gilashin Kawu, ya faɗo kan cinyarsa. Tsit. Tsirkiyar da mutumin ya taɓa ce kaɗai ke gurnani.

Da dariya Kawu ya yi da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya cire gilashi ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ɗauki abin da yatsu biyu. Ya ɗaga shi sama wajen haske. Ya juya bayansa. Ya murza. Ya kai hanci ya sansana, jama'a, ya sansana! Sannan ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, da sararin Allah yake, "Wannan ba maɗaci ba ne." Ya miƙa wa mutumin namu ya ce, "Malam, duba min, ko irin itacen Turai ne da ban sani ba." Shi ma bawan Allah don kunya ya karɓa ya duba, ya ce lallai. Lallai me? Ya miƙa wa ƙanena, wanda ya matso da waya har ta kusa taɓa abin, yana cewa, "Yaya, ɗan juyo da wuyan mu ga ramin." Ni ina tsaye riƙe da makullin murɗawa a hannu, na rasa aljihun da zan sa shi.

Sai muryar uwargida ta taga: "Au, shi ne abin da kake damawa da cokalina tsakar dare?"

Mutumin namu ya so ya rufa min asiri. Ya danna firet na 12, ya kasa kunne, ya ce gaskiya lissafin ya zauna. Babu wanda ya ji shi sai ni. A bidiyon ma da ya zaga wayoyin dangi, daidai nan ƙanena ya yanke.

Facin yana wajen Kawu, a aljihu ya tafi da shi, kuma na ji yana fito da shi in an yi baƙi. Ya ce zai sassaƙa min wani wuyan da kansa. Na ce tsawon tsirkiya 864 ne, ya ce in yi masa magana da inci kamar mutum. Na ce 34, ya ce zai yi 35 don a sami na ragewa. Ban amsa ba.

Jiya na aiki yaro ya karɓo min magagarina. Ya dawo hannu biyu, wai Kawu ya ce a bari tukuna, kada in ji wa wani katakon ciwo.