Baƙin giris da farar shaddar Alhaji

Oga ya tafi Kano Kofar Ruwa sayo kaya, ya bar min aikin ɗaura sabbin boris a sandar injin fere ƙarfe, wadda ke juya cok, wato bakin da ke riƙe ƙarfen da ake ferewa. Girisin da yake sa musu, wani ɗan ƙaramin tub na Klüber NBU 15 mai shegen tsada, ya kulle shi a durowa ya tafi da makulli. Sai maƙwabcinmu mai faci, kun dai san shi, ya leƙo ya ce ai giris giris ne, ga baƙin nan na shaf ɗin mota, har tirela ma da shi take zuwa Legas. Na ɗebo da yatsu na danƙara wa boris har sai da yake fitowa ta gefe, yadda muke wa na tayar mota.

Ranar Juma'a ce kuma. Alhaji mai aikin ya taho daga wajen Kofar Kaura cikin farar shadda sabuwa dal, zai karɓi kayansa ya wuce masallaci. Ni kuma don ya ga akwai injiniya a shago sai na ɗora injin a gudu na ƙarshe kai tsaye. Da farko lafiya lau. Can sai sautin ya canja, kan injin ya ɗau zafi har hannu ba ya zama a kai, wari ya tashi, giris ya narke ya fara tsatsowa ta bayan cok, cok kuma ya shiga rabonsa. Layi guda baƙi ƙirin daga kafaɗar Alhaji har aljihu, da ɗigo uku a hula. Bai ce uffan ba wallahi, ya dubi rigar, ya dube ni, ya sake duban rigar. Ni kuma don ruɗewa na ɗauko tsumman shago na ce bari in goge maka Alhaji. Na goge. Layin ya zama taswira.

Da Oga ya dawo a gaban kowa ya yi min karatu. Wai lamba 2 da ke jikin gwangwani kaurin giris kawai take faɗa, abin dubawa shi ne man da ke cikinsa, boris mai gudu sosai tsinkakken mai yake so, baƙin nan an yi shi ne don wurin nauyi da tafiya a hankali. Kuma ba a cikawa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke ciki ya isa, da sirinji ake aunawa, in ya yi yawa ƙwallayen sai su yi ta dama shi, zafin ke nan. Sannan a tada injin a ƙaramin gudu ana ƙarawa kaɗan kaɗan ana taɓa kai, kuma ba a haɗa giris iri biyu.

Abin da ya fi ci min rai mai facin nan ne. Yana tsaye bayan Oga yana gyaɗa kai yana cewa gaskiya ne Oga, yaran yanzu ba sa tambaya. Kai! Mutumin da ko gwangwanin ma shi ya miƙo min. Yanzu duk wanda ya kawo faci sai ya ba shi labarin, har ya ƙara da cewa wai wuta ta tashi, kuma shi ya laƙaba min Injiniya Baƙin Giris, har mai shayi ya ɗauka.

Kuɗin wankin shadda dai an cire a nawa. Sifanata mai lamba 17 kuma tana wurin mai facin har yanzu, gobe zan aika yaro.