Gyaran gidan haya a Zariya ya koma zubar da kuɗi

Duk mai cewa masu gidajen haya a Zariya azzalumai ne, ina roƙonsa ya ɗauki ɗaki guda ya gyara kafin ya sake buɗe baki. Gidan gado ne a hannuna a Samaru, akwai haƙƙin marayu a ciki, yawancin 'yan hayar kuma ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne. Wallahi abin da nake gani a hannun masu kayan gini da masu aiki ya ishe ni.

Tsada kam kowa ya sani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira, buhun simintin da muke saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024. Tifar yashi ta bi, rodi ya bi, katako ya bi. Wannan tsadar ƙasa gaba ɗaya ta shafa, na haƙura. Abin da ba zan haƙura da shi ba shi ne in biya kuɗin kaya mai kyau a ɗora mini na banza.

Ku je gidan bulo ku tsaya ku gani. Buhu ɗaya da ya kamata ya ba da bulo talatin da 'yan kai, sai a buga kusan ninki, ba a ma ba shi ruwa na kwanaki ya yi ƙwari. Katangar baya ce ta tsage na sa a kawo mini. Tun wajen saukewa daga mota gefuna suke zubewa. Na ɗauki guda na murza da babban yatsa, yashi ya cika mini tafi. Na kira mai bulon, wai: "Alhaji, ai kowa haka yake bugawa yanzu." Kowa? To, in katangar ta faɗa kan ɗan wani cikin ruwan Agusta, wa za a kama, kowa ɗin ko ni?

Kwano ma haka. Ka biya kuɗin mai kauri, a kawo maka wanda in kafinta ya taka sai ya lotse. Damina biyu ya huje a bakin ƙusa, silin ya yi baƙi ya kumbura. Katakon rufi ɗanye, ba a shafa masa maganin gara ba, alhali an karɓi kuɗin maganin.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne masu aikin. Ka yi jinga da kafinta, ya karɓi kafin alƙalami, ya yaye rufin ɗaki, ya ce zai je Sabon Gari sayo ƙusa. Shi ke nan. Waya a kashe. In ka dace ya ɗauka: "Gobe da sassafe in sha Allah, Alhaji." Ashe ya kama wani aikin a Tudun Wada da kuɗinka a aljihu, ga hadari ya haɗo, ga katifa da littattafan yaro a tsakar gida. Yaron ya zo ya durƙusa: "Baba, jarrabawa muke yi, ina zan kwana?" Me zan ce masa? Shi ni ya sani, ni ya ba kuɗi. Ni zai zaga a zuci, ni zai kai ƙara wurin iyayensa. Sana'a ce mai albarka, akwai masu tsoron Allah a cikinta, na sani, amma 'yan uwansu sun ɓata musu suna, kuma ba wanda yake tsawatarwa. Mai famfo ya binne bututu mara kyau cikin bango, sai danshi ya fito, fenti ya kwaile, a sake fasa filastar da aka gama jiya.

Kuɗin haya kuma sau ɗaya yake shigowa a shekara, in ya shigo. A 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗakuna a kulle da kayan ɗalibai, ba kuɗi, ba damar shiga a duba yoyo, damina ta ratsa su gaba ɗaya. Da aka dawo, gara ta cinye ƙofofi. Daga aljihuna na gyara, ban tambayi kowa kobo ba. Yau in na ƙara wani abu kan haya, sai a ce ba ni da imani.

Ina hukumomin da aka ɗora wa duba ingancin kayan gini? Gidajen bulo ba a ɓoye suke ba, a bakin titi suke daga Kwangila har Shika. Ina shugabannin ƙungiyoyin magina da kafintoci, da za mu kai wa ƙarar wanda ya gudu da kuɗinmu? Yanzu haka ɗaki biyu na kulle, dillalai na ta matsa mini in zuba fenti kawai in sa mutane. Na ce ba zan sa ɗan kowa ƙarƙashin wannan rufin ba.