Wai "chop chop" ga Baba Direba?

Na so in yi shiru, amma tun jiya abin yake ci na a rai. Waɗanda suka je walimar nan sun gani da idonsu, ba sai na kama suna ba. Yaro ya dawo daga Ingila da digiri na biyu, an tara jama'a ana taya shi murna, sai ga shi ya tafa hannu sau biyu a gaban dattijon da ke sauko da kulolin abinci daga mota, wai "chop chop!" Dattijon da ya yi ta kai shi firamare yana share masa majina da bakin riga.

Baba ya yi shekaru yana jan tirela zuwa Legas, saboda haka "chop" ɗin da ya sani na Turancin buroka ne, wato ci. Ya dire kula ya ce, "A'a ɗana, na ƙoshi, sai dai a zuba mini in kai wa yara." Wuri ya kaure da dariya. Ni kam ban ga abin dariya ba.

To malam mai Turanci, tunda ba a koya maka a can ba, zo ka ji. Ma'anar "chop chop" ita ce maza-maza, kuma ba a Landan aka haife ta ba. A bakin ruwan Kanton aka haife ta, garin da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya yanzu suna ce masa Guangzhou. Daga 1757 har 1842, nan ce kaɗai tashar da sarkin Sin ya yarje wa Turawa su yi ciniki. Aka killace su a 'yan gine-gine a gefen kogi, suna sayen ganyen shayi da siliki da tangaran, aka kuma hana Sinawa koya musu harshensu. Dole ta sa aka haɗa wani gurgun Turanci na ciniki, kuma a cikinsa "chop chop" ta fito. Masana harshe suna jingina ta ga kalmar mutanen Kanton mai nufin gaggawa, wadda suke ninkawa kamar yadda muke ninka maza ta zama maza-maza. Tun 1834 ta fito a rubuce a jaridar Turawan garin, Canton Register. Matuƙa jirgin ruwa suka kwashe ta suka kai gida.

Yanzu tambaya: wa ake gaya wa ita? Ɗan dako. Mai kwale-kwale. Boyi-boyin gidan Bature. Magana ce ta ubangida da bara, daga sama take saukowa ƙasa, ba ta taɓa hawa sama ba. Ita ka ɗauko, ka haye teku da ita, ka zo ka sauke a kan mai furfura.

Tun da safe ake kira na a waya, wai ai wasa ne, wai a Ingila uwa ma tana gaya wa ɗanta idan zai makara makaranta. Madalla, kun taya ni kafa hujja. Uwa ga ɗanta! Shin ya taɓa tafa wa farfesansa hannu ya ce "chop chop, duba mini takardata"? Ya gwada gaya wa jami'in shige da fice a filin jirgin Heathrow lokacin da layi ya yi tsawo? Bai gwada ba, domin ya san da ya kwana a can. Ashe ya san inda ake faɗinta da inda ba a faɗa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Wasu kuma suka ce ai Baba bai ji haushi ba. Ina zai ji haushin abin da bai gane ba? In ka zagi kurma ya yi maka murmushi, zagin ya koma addu'a ke nan? Ku bar wannan maganar.

Ko a Hausa ma, wane ɗan arziki ne zai dubi sa'an ubansa ya ce "maza-maza"? Cewa ake, "Baba, don Allah a ɗan taimaka, baƙi sun zauna." Ko kuma, abin da ya fi, ka naɗe hannun riga ka kama kunnen kular ku ɗauka tare. Turanci ba ya wanke rashin kunya. In ba za ka iya faɗin abu da Hausa a gaban mahaifiyarka ba, sa masa kwat da nakatayel ba zai mai da shi ladabi ba.

Wallahi ba ƙin yaron nake ba, na yi murna da karatunsa, na san irin wahalar da aka sha kafin a biya kuɗin. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda Baba ya koma gefen mota da 'yar ledar shinkafarsa yana ta sa albarka, yana gaya wa sauran direbobi wai yaron nan bai manta da shi ba, yana ganinsa ya ce ya ci abinci.

Af, kun san tsinkayen nan biyu da Sinawa ke cin abinci da su, da Turawa ke kira "chopsticks"? Ana ganin wannan "chop" ɗin ne dai a ciki, don sunansu na Sinanci, kuaizi, daga kalmar sauri aka samo shi. Wane sauri? Ranar da na fara zuwa Guangzhou na yi kusan rabin awa ina kokawa da ƙwayar gyaɗa ɗaya a faranti, ta yi tsalle ta faɗa cikin shayin abokin tafiyata. Daga ranar cokali nake sawa a aljihun gaba, kusa da fasfo.