Kasuwa ta kwanta, an ce laifina ne

Ina aiki a wani babban shagon kujeru da gadaje da katifu a bayan garin Birmingham a Ingila, cikin irin filin nan da Turawa suke jera manyan shaguna kewaye da wurin ajiye motoci. Babu gidan kowa a kusa, babu mai shayi, babu mai yankan farce, ko almajiri ba za ka gani ba balle wanda za ka ce wa sannu. Ranar 26 ga Disamba suke karya farashi, sai ka ga mutane suna ta shigowa da rigunan sanyi jiƙe da ruwa, ana rububi har cikin Janairu. Da wannan ya wuce sai kasuwa ta kwanta. A watan Fabrairu cinikin kowa ya yi ƙasa, amma nawa ya fi fitowa fili domin sunana ne a ƙarshen allo. E, akwai allo. A ɗakin da muke cin abinci aka kafe shi, da sunan kowa da abin da ya sayar a mako. Wanda ya cika adadin da aka yanka masa a rubuta shi da kore, wanda ya gaza a rubuta shi da ja, kana cin burodinka kana kallon kanka.

Sai manajarmu ta kira ni ofis. Yarinya ce da ba za ta girmi autarmu ba, kuma gaskiya ba ta da mugun hali. Ta tambaye ni ko zan sha shayi, ta yi murmushi, ta ce kamfani yana so ya tallafa mini. Tallafin kuwa takarda ce da zan sa wa hannu. Daga ranar, kullum da safe zan zauna da ita in faɗi nawa nake sa ran sayarwa, da yamma in dawo in faɗi dalilin da ya sa ban sayar ba. Idan ina magana da mai saye, tana tsaye a bayan wata kujera da kwamfutar hannu tana rubutu. Wata rana wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ta gwada katifa, ta ce za ta yi shawara da ɗanta tukuna. Na raka ta har ƙofa, na ce ta sauka lafiya. Kafin ƙofar ta gama rufewa manaja ta iso kaina. Me ya sa na bar ta ta tafi? Me ya sa ban yi mata tayin biya kaɗan-kaɗan ba? Me ya sa ban karɓi lambar wayarta ba? A gaban abokan aiki, da muryar nan tasu mai taushi wadda ba za ka iya cewa an yi maka tsawa ba, amma ka kwana kana juyi.

Bari in ba ku labarin ƙofar, domin ita ce babbar shaidar da ake kafawa da ita. A samanta akwai wata 'yar na'ura da take ƙirga duk wanda ya shigo. Da yamma kwamfuta ta raba yawan waɗanda suka saya da yawan waɗanda suka shigo, ta fitar da kaso. Wanda ya shigo fakewa daga ruwan sama an ƙirga shi. Wanda ya shigo tambayar bayan gida an ƙirga shi. Mata da miji da 'ya'yansu da suka zo ɗumama jiki ranar Lahadi, yara suna tsalle a kan gadaje, duk sun zama masu sayen da ka bari suka kuɓuce. Akwai kuma wanda kamfani yake biya ya zo a matsayin mai saye, ya yi ta tambayarka, ya koma ya rubuta ko ka yi murmushi, ko ka gaishe shi da wuri. Ba ka san ranar zuwansa ba, saboda haka kowa ya shigo sai ka yi masa kallon ɗan rahoto.

Alhali kowa a shagon ya san abin da ya kwantar da kasuwa, har ita manajar. A watan Oktoban 2022 tsadar kaya a ƙasar nan ta haura kashi 11 cikin ɗari. Babban bankinsu ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 5.25 a watan Agustan 2023, kuma mutane da yawa a nan da bashin banki suke sayen gida. Wanda kuɗin gas da lantarki ya cinye masa albashi, bashin gida ya ƙaru a kansa, yaushe zai tuna da sabuwar kujera? Ba a sauya gida sosai, kuma mai tarewa a sabon gida shi ne mai sayen gado. Amma takardar da na sa wa hannu ba ta da gurbin da za a rubuta wannan. Gurbin da take da shi na sunana ne.

Na yi shekaru ina tsaron shagon kawuna a Babbar Kasuwar Gombe, layin 'yan atamfa, kafin in fito. Ba sai na gaya muku yadda layin yake zama a tsakiyar damina ba, lokacin da kuɗin kowa yake gona. Sai ka wuni ba ka yanka yadi ko ɗaya ba. Kawu ba ya tsare ni da tambayar me ya sa. Ya san sai an yi kaka, motocin wake da masara da riɗi sun fara cika Tudun Hatsi, mutanen Dukku da Kumo da Bajoga sun shigo da kuɗi a aljihu za su haɗa lefe. Zai leƙa maƙwabci ya ce, Alhaji yaya kasuwa, a ce masa sai godiya, shi ke nan ya gane cewa ba a kansa kaɗai aka fara ba. Sai ya ce mu sauke kaya mu kakkaɓe ƙura, ko ya tura ni karɓo bashi, ko ya ce in bi shi Kantin Kwari in ga yadda ake zaɓen kaya. A farkon 2023, da canjin kuɗi ya hana mutane tsabar Naira, sannan aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, na kira shi ina tambayar hali. Ya ce da shi da yaran duk shayi suke sha a ƙofar shago suna jiran ikon Allah. Bai ce akwai wanda ya gaza a cikinsu ba.

Kada wani ya ɗauka Kawu ba ya sa ido. Ya fi manajata sa ido nesa ba kusa ba. Yana zaune a kan buzunsa da carbi, kamar ba ya kallonka, amma ya san turmi nawa ne a kowane layi, ya san wanda ka sayar wa da tsada don ka ga baƙo ne, ya san ranar da ka makara sallar La'asar. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da yake dubawa shi ne hannunka da bakinka: ka taɓa masa kuɗi, ka yi wa mai saye ƙarya, ka ɗaga wa dattijuwa murya? Waɗannan su ne naka, a kansu zai yi maka faɗan da ba za ka manta ba. Shigowar mai saye kuwa ba ya ɗora ta a kan kowa, domin shi ma bai isa ya kawo ta ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Yaron shago a gida sau da yawa ba shi da albashi sai kuɗin abinci da ɗinkin Sallah. Babu takarda tsakaninsa da ubangidansa. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna bauta, da lokacin sallama ya matso sai aka ce lissafi bai cika ba, aka kore su da sunan ɓarayi. A nan ko na sayar ko ban sayar ba za a biya ni kuɗin awoyina, kamasho ne kawai zan rasa. Idan abin ya kai ga zaman ladabtarwa, doka ta ba ni damar shiga da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Duk na yarda. Amma wanda ubangidansa ya cuta a Gombe yana da inda zai kai ƙara ko ba kotu: shugaban layi, liman, yayan maigidan, har uwarsa idan tana raye. Ni manajata ma ba ita ce mai shagon ba. Akwai wani a samanta da yake kiran ta kullum da irin tambayoyin da take yi mini, shi ma akwai nasa, har a kai ga masu hannun jarin da ba su taɓa taka shagon ba. Wa za ka je ka durƙusa wa ka ce a duba lamarinka?

Maganar tsohuwar nan ma akwai abin da ban iya faɗa a ofis ba. Tayin da ake so in yi mata bashi ne, wani tsarin babu ruwa a ciki, wani da ruwa, sannan a ɗora mata inshorar tabo da yagewa. A nan ne kamashon yake da kauri. Kawu ma yana ba da bashi, wa bai sani ba? Manomi ya zo a watan Agusta 'yarsa za ta tare, a ba shi turmi biyu a ce idan ka sayar da wake ka kawo. Amma shi ya zo da buƙatarsa. Ba a taɓa koya mini in kama hannun wadda ta ce za ta yi shawara da ɗanta in hana ta fita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne allon nan ya riga ni isa gida. Ƙanin abokina yana aiki a wani banki a Gombe, an yanka masa miliyoyin da zai kawo ajiya kowane wata, yana bin alhazan kasuwa shago-shago da takalmi sau ciki cikin rana, da dare kuma a yi ta kiran sunayen waɗanda suka gaza a WhatsApp. Shi kuma burinsa in samo masa hanyar zuwa nan.

Makon jiya na kira Kawu na tambaye shi nawa ake kama shago yanzu a layinmu, da abin da zai ishe ni jari in fara ko da rabin kanta ne. Ya yi dariya har da tari, ya faɗa mini kuɗin dilar atamfa a Kwari a yau, ya ce in lissafa da Fam ɗina in gani. Sannan ya ce, ɗana, zauna can tukuna, kuma kada ka manta kuɗin makarantar ƙannenka an kusa komawa.